Jarumar da Komadugu ke jira a rubuta

Na gaji da jarumar littattafan yaƙi da aljanu da 'ya'yanmu ke karantawa a Nguru da Gashuwa. Kullum ita ce dai: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, 'yar wani sarki a Misra ko Hindu, wadda aljani ya sace saboda kyanta. Yarinya ta gama karantawa ta tashi da tunanin abin al'ajabi ba ya faruwa sai a ƙasar wasu, kuma ba ya samun baƙar mace.

Alhali ga tarihi jibge a ƙofar gidanmu. Nguru ce mazaunin Galadiman Borno tun ƙarni na 17. Lawan Babuje ya kewaye Gogaram da ganuwa don Bade su tsira daga mahara. Rabe ya ci Borno a 1893, jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930. A Machina har gobe ana ɗaukar macizai dangin gidan sarauta, ba a kashe su. Me kuma marubuci yake nema?

Ni da zan zaɓa, 'yar masunta nake so, a Gogaram, a shekarun da labarin Rabe ke hana mutane barci. Baƙa ce, tafin hannunta ya yi kanta, dugaduganta duk faso, zaninta na ƙamshin hayaƙin banda, turaren wuta sai ranar biki. Tun tana ƙarama ta iya kifa ciki a kan gora ta haye kogin Komadugu, ta san ramin da tarwaɗa ke kwana idan ruwa ya ja. Kamanninta su fito daga aikinta, kada a ɗauko su daga fim ɗin Indiya a liƙa mata.

Halinta ma haka. Ban son mai shagwaɓa da kuka. A ba ni mai taurin kai da rowar magana, mai riƙo, wadda za ta yanke hukunci ya zo da asarar rai, ta kwana da abin a zuciya. Idan tana da alƙawari da mutanen ruwa, to gado ne daga kakarta, kuma bashi ne: duk abin da ruwa ya ba ta sai ya karɓi wani abu, ko aure, ko haihuwa, ko amincewar 'yan garinsu.

An taɓa yin irin wannan a maƙwabta. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta labarin Sarauniya Mangu a 1980, matar da ta tari sojojin Faransa a Lugu a 1899, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Mamani bai ari fatar kowa ba, da tsafinta da Aznancinta ya fito da ita.

Wasu za su ce ana raya shirka. Na ɗauki maganar da muhimmanci, amma aljanun Misra da suka cika littattafanmu ba wanda ya ce musu uffan. Nuna abin da kakanni suka yi imani da shi, da tsadar da ya jawo musu, daban yake da kira zuwa gare shi.

Abin da ke damuna lokaci ne. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta na barin sana'a, tsofaffin da suka san waɗannan labarai suna ƙarewa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da ke sha'awar rubutu su je Gogaram lokacin bikin kamun kifi, su zauna wurin tsofaffin mata masu banda, su kunna rikoda a waya.