Iyaye, Mu Riƙa Auna Karatun Ɗiyanmu Kamin Mu Ce Madalla

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, wato karatun yaranmu a makarantun firamare na gwamnati, da kuma irin mudun da iyaye ke amfani da shi wajen cewa makaranta ta yi kyau.

Ni manomi ne a fadamar Kwalkwalawa, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwar albasa da shinkafa. Iyakar karatuna na boko aji shida ne. To amma ko ba komi, aji shidan nan ya ishe ni in karanta jarida, in rubuta sunayen waɗanda nike bi bashi, har ga shi yau ina rubuto maka wasiƙa da hannuna.

Edita, in ka zagaya ƙauyukan da ke kewaye da birnin Sakkwato ka tambayi magidanta yaya makarantar yaransu take, da yawa za su ce maka alhamdulillahi. In ka ce mi ya sa, sai wani ya ce an yi sabon gini an shafa fenti. Wani ya ce an kewaye ta da katanga, awaki sun daina shiga aji. Wani ya ce hedimasta mutumin kirki ne, ba ya koro yaro don kuɗi, kuma yana zuwa suna da jana'iza. Wani ya ɗauko maka katin sakamako ya ce ɗansa ya zo na uku. Duk waɗannan abin godiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai da wuya ka ji wanda zai ce maka, "Na gamsu don na ba yarona takarda ya karanta mani na ji da kunnena." Alhali kuwa don wannan ne anka gina makarantar tun farko.

Abin da ke ba ni mamaki, mutanen nan namu ba a cutarsu a kasuwa. Ba mai sayen buhun shinkafa sai ya soka hannu ya ga ƙwaya. Ba mai sayen albasa sai ya sa an zazzage buhu ya ga abin da ke ƙasa, don kowa ya san manya ake jerawa a baki. Manomi kuma ba ya yabon gona don ganye ya yi kore, sai ranar da anka sheƙe anka auna. To yaya anka yi da anka zo ga ɗiyan cikinmu, sai a tsaya ga bakin buhu? Yaro ya zo na uku a ajin da ba mai iya karatu, ina amfanin na ukun?

Mu dubi makarantar allo. Uba ko bai yi zurfi ba ya san inda ɗansa yake, ko yana babbaƙu ko farfaru, ko ya kai izu nawa. Malam ba ya barin yaro ya wanke allo sai ya biya karatun ya ji ya zauna. In yaro ya shekara biyu a sura ɗaya, uban da kansa zai tafi ya tambayi dalili, don yana biyan kuɗin Laraba, kuma yana jiran ranar sauka. Amma a firamare yaro na tafiya daga aji zuwa aji kowace shekara, ya iya ko bai iya ba. Yanzu kuma da anka haɗe firamare da ƙaramar sakandare sunka zama shekara 9 a jere, yaro na iya kai ƙarshe ba wanda ya taɓa tare shi ya ce, "Tsaya, karanta wannan." Sai ya je babbar jarrabawa asiri ya tonu, lokacin icce ya riga ya bushe, ba ya tanƙwaruwa.

Kada wani ya ce ƙaryar ɗan ƙauye ce. A 2013 an auna karatun 'yan aji biyu da aji uku a jihohin Sakkwato da Bauci, a ƙarƙashin wani shirin ilimi da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi. Abin da anka samu shi ne mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma guda ta Hausa ba, harshen da sunka sha a nono. Daga baya ne anka fito da littattafan Mu Karanta don 'yan aji ɗaya zuwa uku. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan. A Kaduna kuma, a 2017, an yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 ba su sami makin da ake nema ba. Ina tambaya, kamin a yi wannan awo, iyaye nawa ne a waɗannan wurare sunka san abin da ake ciki? Ai da an tambaye su, alhamdulillahi za su ce.

Mu da munka yi firamare wajen ƙarshen shekarun 1980, ba zan ce komi daidai yake ba a lokacin, don mu ma mun zauna a ƙasa, mun sha yajin aikin malamai. Amma akwai awon da gari ke yi wa makaranta ba tare da an shirya ba. Tsohuwa za ta kira ɗan aji huɗu ko biyar ya rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta da ya tafi cin rani Ikko ko Ibadan, in amsa ta zo shi zai karanta mata. Wanda ya iya, duk gari ya sani. Wanda ya kasa, shi ma an sani, kuma maganar za ta kai kunnen ubansa da malaminsa. Da dare ana taruwa wani ya karanta Magana Jari Ce a hasken fitila. Yanzu waya ta kashe wasiƙa, kowa sai ya danna ya yi magana, don haka yaro na iya gama makaranta ba a taɓa buƙatar karatunsa a gida ba.

Mutanen Sakkwato kuwa su ne ya fi kamata abin ya dama. A garin nan ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ran 30 ga Satumba, 1999, bayan shirin UPE na 1976. Dokar da anka yi a 2004 ta ce ilimin nan kyauta ne kuma tilas ne, har ta tanadi tara ko ɗauri ga uban da ya ƙi kai ɗansa. To doka ta iya tura yaro cikin aji, amma ba ta iya cusa mashi karatu a kai. Wannan sai da idon uwa da uba. Ga mu kuma a bakin hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda anka kafa tun 1975. Kullum safiya motocin ɗalibai na ratsa mu, ɗiyan mutane daga ko'ina cikin ƙasar nan, yaranmu na kallonsu. Ashe ba abin kunya ba ne a ce namu rabo shi ne mu sayar masu da kifi da rake a bakin titi? Lokacin da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar nan, kowa ya gani, rediyo ya faɗa, hukuma ta taso. Yankewar karatun yaro kuwa ba ta da ƙara, shi ya sa ake shekara da shekaru ba mai tasowa.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan uwana manoma da 'yan tireda, kuma ba ta cin ko kwabo. Da farko, kowane mako ka zaunar da yaronka ka gwada shi da abin da ke cikin gidanka. Ɗan aji uku ya rubuta sunansa da na ubansa da na garinsu. Ɗan aji huɗu ya karanta maka layi biyar na Hausa, sannan ya rufe littafin ya gaya maka abin da anka ce a ciki, don akwai masu haddace shafi kamar waƙa. Ɗan aji biyar ko shida ya karanta maka saƙon da ya shigo wayarka, ko rubutun da ke jikin buhun taki ko kwalin magani. Ka ce mashi mutum ya sayi mudu uku a kan naira 1,200 kowanne, ya ba da 5,000, nawa ne canjinsa? In ya ce 1,400, to ana tafiya. In ya tsaya sosa ƙeya, ka san akwai aiki. In kai ba ka yi boko ba, ai lissafin kuɗi ba ya ɓace maka, karatun kuma ka kira wani ɗan sakandare na maƙwabta ya saurara.

Na biyu, ka riƙa buɗe littafin rubutun yaro. Ko ba ka karantawa, kana ganin jan biro. In an yi wata guda ba jan biro a ciki, ka san ba wanda ke duba aikinsa. Daga nan sai ka tafi makaranta cikin mutunci ka gai da malam ka tambaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na uku, ina kira ga kwamitocin kula da makarantu na SBMC da ƙungiyoyin iyaye da malamai, taronsu kada ya ƙare a kan kuɗin alli da gyaran ƙofa. A ƙarshen kowane zango a sa rana guda ta biya karatu, a gayyato mai gari da liman da iyaye maza da mata, kowane yaro daga aji uku ya tashi ya karanta 'yan layuka ya yi lissafi ɗaya a allo. A rubuta yara nawa sunka iya, nawa sunka kasa, a ajiye, zango mai zuwa a sake gani ko an ci gaba. Waɗanda sunka kasa a ware masu sa'a guda kullum a koma da su ga baƙaƙe da wasula, ko da suna aji shida. Ɗaliban sashen ilimi na jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, waɗanda dama ake turawa koyon aikin koyarwa, za su yi amfani ƙwarai a nan in an nemi shugabanninsu.

Na san wasu za su ce wannan tozarta malamai ne. Wallahi ba nufina ke nan ba. Malamin da ke aikinsa shi zai fi kowa murna da wagga rana, don yau ba mai ganin wahalarsa, ana yi mashi kuɗin goro da wanda ba ya zuwa sai ranar albashi. Kuma in mun nemi haƙƙinmu ga malami, sai mu tsaya mashi a kan nasa. Ƙa'idar gwamnati malami ɗaya ga yara 35 ne, amma a wasu makarantu sai ka ga mutum ɗaya da yara sun ninka haka sau biyu ko uku. Wasu malaman daga cikin gari suke fitowa, kuma tun da anka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya cinye masu albashi. In iyaye sun je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko hukumar SUBEB da takarda a hannu, sun ce ga yara kaza ba su iya karatu ba, ga malamai kaza kawai gare mu, maganarsu za ta fi nauyi bisa ga a je ana roƙon fenti.

Wasu kuma za su ce mafita ita ce makarantar kuɗi. To mai hali ya kai, ba laifi. Amma mai yara bakwai da ke jiran albasa ta yi kuɗi, ina zai iya? Kuma can ma sai an zazzage buhu, don ɗamara da yunifom mai kyau da 'yan gaisuwar Turanci ba su ne karatu ba.

Sannan akwai magidantan da ya kamata su ji tsoron Allah. Lokacin dashen albasa ko korar tsuntsaye a gonar shinkafa sai a kwashe yara mako biyu ko uku, ranar kasuwa kuma ba makaranta, 'yan mata da safe suna talla. Wanda ya yi haka ba shi da bakin zargin malam. A bar yaro ya je aji da safe, gona da talla su jira yamma da ranakun hutu. Game da ɗiya mata, a ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, bai dace a ce mu ne ke rowar karatu ga ɗiyanmu ba, sannan gobe mu je asibiti muna neman mace ta duba iyalinmu.

A ƙarshe ina roƙon Mai Alfarma Sarkin Musulmi da hakimansa da limamanmu su sa baki, kamar yadda sunka sa a kan allurar rigakafi har anka ga amfani. Jami'an ilimi kuma in sun zo zagaye, bayan sun duba rajista da rufin aji, su ɗauki yaro ɗaya daga layin baya su ba shi littafi. Mu kuma iyaye, duk wanda ya tambaye mu yaya makaranta, mu ce ya dakata mu ji yaro ya karanta tukuna.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu na kirki da alheri, amin.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Kwalkwalawa, Sakkwato.