Robar Biki Ba Shara Ba Ce

'Yan'uwa marubuta, mu daina rainon kunyar banza. A Rogo Ruma, robar tekawe da aka raba shinkafar biki a cikinta ba ta ƙarewa a juji. Yau ta daddawa ce, gobe ta allura da zare, jibi a huda gindinta a yi rainon tumatir. In ta tsage, yara su yanka tsohon silifa su yi mata tayoyi. Amma a littattafanmu sai farantan alfarma, kamar wannan dabarar abin ɓoyewa ce. Abin kunyar shi ne wurga ta kwata. Toshe magudanai na cikin dalilan da suka sa Legas ta haramta mai kama da soso a 2024. Iyayenmu mata sun riga gwamnati. Mu sa su a labari.