Ɓarawon da ke kwashe kalmar sirrin imel daga kwamfutar gida

Yau maganarmu a kan wata cuta ce da ke kama kwamfuta, amma iyali ne ke jin raɗaɗinta.

Akwai muggan manhajoji irin su RedLine da Lumma, waɗanda aikinsu kawai sata ne. Da zarar ɗaya ta shiga kwamfuta, sai ta kwashe duk kalmomin sirrin da kuka ajiye a burauza, ta tura wa masu kutse, su kuma su sayar. Ba ta nuna wata alama, kwamfutar za ta ci gaba da aiki lafiya lau. A watan Mayun 2025, kamfanin Microsoft ya ce ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal. A Oktoban shekarar kuma, shafin Have I Been Pwned ya ƙara adireshin imel miliyan 183 a kundinsa na bayanan da aka sace. Google ya ce ba a fasa Gmail ba, daga na'urorin mutane aka kwashe su.

Ta ina take shiga? Galibi ta wasannin kwamfuta da manhajojin kuɗi da ake saukewa kyauta ta bayan fage, sai tallan ƙarya da takardun da ake liƙowa a saƙo. Shi ya sa kwamfutar da yara da manya ke amfani da ita ta fi shiga haɗari.

Kada ku ce ba ku da komai a imel. Can ne sakamakon gwajin asibiti da saƙonnin banki da takardun makarantar yara suke. Wanda ya riƙe imel ɗinku zai iya sauya kalmar sirrin Facebook ɗinku, ya roƙi 'yan'uwa kuɗi da sunanku, ya ce kuna kwance a asibiti.

Idan kuna zargi, ku bi abin daki-daki. Ku fara sauya kalmar sirri daga wata na'urar da kuka amince da ita, domin wadda ta kamu za ta sake sace sabuwar. Sannan ku fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, saboda ɓarawon kan haɗa da shaidar shiga da burauza ke ajiyewa. Ku kunna tantancewa mai mataki biyu, ku duba ko an sa saƙonninku suna wucewa wani adireshi. Ita kuwa kwamfutar, a kai wa ƙwararre ya wanke ta.

Kowane asusu ya samu tasa kalmar sirrin. A kuma zaunar da yara a faɗa musu, araha ba ta ado, kada su sauke komai sai sun tambaya. Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa.