Tsare Yara Kafin Shari'a

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma tanadi cewa tsare shi kafin shari'a, wato ajiye wanda ake tuhuma alhali kotu ba ta tabbatar da laifinsa ba, ya zama matakin ƙarshe. Abin takaici, gidajen gyaran tarbiyya na tarayya, irin na Kaduna da Ilori da Abeokuta, sun yi kaɗan ƙwarai, don haka yaron da aka gindaya wa sharuɗɗan belin da suka fi ƙarfin iyayensa yakan ƙare a kurkukun manya, cikin riƙaƙƙun masu laifi, tun kafin a saurari shaida ko ɗaya a kansa.