Wasiƙar Riyad: Hutu A Kan Duwatsun Asir

A wannan wata maganar hutu za mu yi, watau mutum ya rufe shago ya ɗauki iyalinsa su tafi wani wuri, ba don ciniki ba, ba don biki ko ta'aziyya ba, sai don jiki ya sarara. Na san da yawa cikinmu suna ganin wannan al'adar Turawa ce, ko ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. To, ku ba ni kunne tukuna.

Duk wanda ya yi Yuli da Agusta a Riyad ya san abin da a ke kira zafi. Ma'auni ya kan wuce 43 da rana, iska kuwa sai ka ce daga maƙera ta ke fitowa. Da an rufe makarantu sai gari ya rage. Masu hali su tafi Turkiyya, ko Bosniya, ko duwatsun Romaniya. Masu matsakaicin ƙarfi su nufi Ɗa'if, ko Baha, ko Abha. Mu baƙi kuwa a bar mu da gadin gari. Bana da na sallami almajirai na ce ni ma sai na ga Abhar nan da a ke faɗi, shi ne zuwana na fari.

Abha ita ce babban birnin lardin Asir, can kudu maso yamma, wajen iyakar Yaman. Daga Riyad tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Jirgin sama ya kan yi ta cikin sa'a ɗaya da rabi, amma mu mota muka bi, ta Harj da Sulayyil da Wadi Dawasir, har Hamis Mushaiɗ. Yawancin hanyar hamada ce. Ba ka sanin kana hawa, sai dai ka ji iska ta sake, mai mota ya kashe abin sanyaya wuri ya buɗe taga.

Garin yana kan tudu mai tsawon mita 2,200 daga teku. Domin ku gane, Jos da mu ke ganin sanyinta kimanin mita 1,200 ce. Amma Abha ma ƙasa ta ke idan an gwada ta da dutsen Suda da ke kusa da ita, wanda ya kai kimanin mita 3,000. A can muka tsaya bakin gaɓa, ƙasa ta yanke ta gangara zuwa Tihama, har ido bai ga ƙarshenta ba. Ba a jima ba sai gajimare ya taso daga ƙarƙashinmu ya lulluɓe mu, wanda ke gabanka ma ba ka ganinsa. Bayan azahar ruwa ya goce. Asir ta fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan, shi ya sa duwatsun ke cike da itacen da Larabawa ke kira ar'ar, da gwaggon birai masu ƙwace abinci a hannun yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai gonaki ne. Mutanen sun sassare jikin dutse hawa-hawa, sun tokare kowane hawa da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, suna shuka alkama da sha'ir da dawa. Ɗana ƙarami, wanda aka haifa a Riyad, ya nuna dawa ya ce, "Baba, wannan wane irin ciyawa ne?" Jama'a, yaron nan ya ci tuwonta, ya kuma ji ina ba da labarin alƙalamin kara da muka yi rubutu da shi a allo, amma bai taɓa ganin kara a tsaye ba. Na yanko guntu da izinin mai gona, na feƙe masa. Wannan kaɗai ya biya kuɗin motar.

Daga nan muka gangara Rijal Alma, ta hanya mai lanƙwasa wadda ke sa mutum salati. Garin tsohon zangon fatake ne a kan hanyar Yaman zuwa Makka. Gidajensa na dutse ne, benaye masu hawa da yawa, an yi musu ado da farin dutse. Cikin ɗakuna akwai zanen bango mai launi-launi wanda mata ke yi, a na kiransa Ƙaɗɗul Asiri, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon duniya a 2017. A 1985 mutanen garin da kansu suka mai da wani babban gida ɗakin ajiyar kayan tarihi. Kowa ya kawo abin da kakansa ya bari, takubba, da azurfar mata, da tsofaffin takardu. Ina duban takardun nan sai na tuna Salaga, wadda ita ma zangon fatake ce ta goro kafin yaƙin 1892 ya watsa mutanenta. Ina wasiƙun ajami da kakanninmu suka rubuta wa juna daga Kano zuwa Gwanja? Da yawa gara ta cinye su cikin adaka. Lalle ya kamata ƙungiyarmu ta dubi wannan al'amari tun masu iya karanta su suna raye.

'Yan kasuwa, ban manta da ku ba. A Abha akwai Kasuwar Talata, inda tsofaffin mata ke sayar da turaren wuta, da ɗoɗɗoya, da faifai, da kayan saƙa. Zuma kuwa ba a magana, musamman ta magarya, ita ce mai tsada. A na tayi kamar gida, amma a ɗanɗana kafin a biya.

Ga wanda ya yi niyya, ga shawarata. A nemi masauki tun da wuri, domin kuɗinsa ya kan tashi ƙwarai a lokacin hutu. A tafi da rigar sanyi da bargo ko da a Agusta ne. Kowa ya riƙe iƙamarsa. Dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, ran fari kuma ya yi tafiya sannu, gama iskar tudu ba ta ƙosar da numfashi. Mai mota ya duba birki kafin gangara, kada kuma a yi zango cikin kwari idan hadari ya haɗu. Game da salla, a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar mil 48 ta isa ƙasaru, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri ɗaya sai ya cika. Babban sharaɗi kuwa shi ne kada a ci bashi don hutu, kada kuma a taɓa kuɗin da iyaye ke jira a gida.

Alhazai, mun sha ganin mutum ya yi shekara 30 bai rufe shago kwana 3 a jere ba, sai ran da ciwo ya rufe masa shi. Jiki amana ne, iyali ma suna da hakkin su zauna da kai ba kana lissafi ba. Ku da ke gida ba sai kun zo Asir ba. Ga Aburi, ga tudun Kwahu, ga Jos. Ko kwana 2 ne a ɗauki yara a nuna musu ƙasar Allah.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi wa nema albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.

Naku,
Malamin Allo, Riyad