Takardar da Likita Bai Taɓa Gani Ba

Ku shiga ɗakin marasa lafiya a kowane asibiti a Birnin Kebbi, ku tsaya kan baiwar Allah da sankarar mama ta kwantar, ku ce, "Inna, ya jiki?" Mun riga mun san amsar: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kwana uku ba ta runtsa ba, tuwo bai wuce maƙogwaronta ba tun Juma'a, an sayar da tunkiyarta ta ƙarshe don kuɗin allura, amma da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ba mu ƙi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, likita ma wannan amsar yake samu, a kanta kuma yake rubuta magani.

Masana sun daɗe da gane cewa hoton ƙari da gwajin jini ba sa faɗin yadda mutum ya kwana. Don haka a 1993 ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, EORTC, ta fitar da takarda mai tambayoyi 30 da mara lafiya zai amsa da kansa: zafin ciwo, gajiya, barci, cin abinci, tashin zuciya, damuwa, har da ko jinya ta taɓa aljihu. Abin da suke kira ingancin rayuwa ke nan.

Mun ga yadda ake yi da irin waɗannan takardu a wani asibiti da muka yi jinyar 'yar'uwarmu. Wani matashi mai bincike ya zo da jaka, ya zauna da ladabi, ya karanto mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce ba za a rubuta sunanta ba, sai ta saki jiki ta faɗi abin da ko mu ba ta taɓa faɗa mana ba. Ya gode, ya cusa takardar a jaka, ya tafi. Washegari likita ya zo zagaye, ta ce masa da sauƙi. Amsoshinta na can sun zama "kashi kaza cikin ɗari" a kundin digiri, ita kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a canza mata ba. Ba mu ga laifin yaron ba, ƙa'idar bincike ya bi. Laifin na tsarin ne da ya yarda a tatsi gaskiya daga bakin mai ciwo, a kai ta ɗakin karatu, a bar gadonta yadda yake.

A ce ma takardar ta isa hannun likita. Me zai gani? Jerin lambobi daga 0 zuwa 100, fiye da goma. A wasu layukan, lamba babba alheri ce: 80 a ƙarfin jiki na nufin tana iya hidimarta. A wasu kuma masifa ce: 80 a zafin ciwo na nufin tana cikin azaba. Takarda ɗaya, ma'auni biyu masu saɓa wa juna. Masu bincike a Amurka sun nuna cewa wannan juye-juyen kan rikita marasa lafiya, har da likitoci. To ina ga likitan da layi ke jiransa har bakin ƙofa? Kuma lamba ita kaɗai ba ta magana. 60 da aka taso daga 40 albishir ce. 60 da aka faɗo daga 80 ƙararrawa ce. Tun 1998 binciken David Osoba ya nuna cewa canjin maki 10 zuwa 20 abu ne da mai ciwo ke ji a jikinsa. Wanda bai ga lambar watan jiya ba, bai ga komai ba.

Inda aka gyara hanyar isar da amsoshin, an ga aiki. A Leeds ta Ingila, a 2004, Galina Velikova ta ba da rahoton gwaji kan marasa lafiya 286. Waɗanda aka miƙa wa likitocinsu amsoshin a zane kafin su shiga, an fi tattauna matsalolinsu, kuma ganin likitan bai ƙara tsawo ba. A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York, Ethan Basch ya bi mutum 766 da dajinsu ya bazu. Wani rukuni na aika rahoton alamomi 12, in abu ya tsananta saƙo ya tafi wa nas nan take. Sakamakon da ya fito a 2017: tsaka-tsakin rayuwarsu wata 31 ne, na sauran wata 26. Wata biyar, ba tare da sabon magani ba. Rai na hannun Allah, amma Shi ne ya ce a yi sababi.

Mun san abin da za a ce mana: ana fama da tsadar magani, masu buƙatar gashin na'ura na bin hanyar Argungu zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ku kuna zancen takarda? E, muna yi. Yawancin masu dajinmu sai ciwo ya yi nisa suke zuwa asibiti, lokacin da babban abin da ya rage a hannun likita shi ne rage azaba, dawo da barci, tsayar da amai. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an san inda ke ciwo. Mai ƙaramin guzuri shi ya fi buƙatar sanin inda zai kashe shi.

Kuma ba sai an jira kwamfuta ba. Kowace uwa da ta kai yaro awo ta san zaren nan da ake ɗaurawa a damtse: kore lafiya, rawaya a kula, ja a garzaya. Ba ta shiga aji ba, amma ba ta kuskuren karanta shi. Abin da muke nema ga mai daji bai wuce haka ba. Shafi ɗaya a saman fayil, ba a can ciki ba. Abubuwa shida ko bakwai. Duk layukan su fuskanci gefe guda, sama sauƙi, ƙasa tsanani. Amsar yau kusa da ta zuwan baya, a zagaye abin da ya taɓarɓare da jan biro, yadda likita zai gani kafin mara lafiya ta gama zama, ita ma ta gani ta ce, "Nan ne, likita."

Tambayoyin ma a yi su da rayuwarmu. Takardar Turai na tambaya ko ɗaukar akwatin tafiya na yi maka wuya, ko kana iya natsuwa ka karanta jarida. Tambayi Inna ko tana iya sujada, ko a zaune take salla yanzu. Tambayi masunci daga Argungu ko yana iya ɗaga homa, manomin shinkafa ko ya leƙa fadama a makon nan. A nan "da sauƙi" ba ta da wurin ɓuya. Sannan mace ta tambayi mace, a keɓe, don mun sha ganin miji ko suruka na amsawa a madadinta alhali ita ke kwana da ciwon. Wanda ya koma Zuru ko Yawuri, kiran waya na minti uku ya isa a cike shafinsa.

Sharaɗi ɗaya: ja ya zama umarni. In zafi ya shiga ja, a duba maganin ciwo a ranar. In kuɗi ne, a haɗa ta da masu tallafi. Asibitin da bai shirya yin komai ba, ya daina tambaya, kada ya koya wa mutane cewa faɗin gaskiya ɓata yawu ne.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Lokacin da Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu ke uwargidan gwamna, daga 2015 zuwa 2023, jihar ta samu rajistar masu ciwon daji da asusun taimakon marasa galihu, a 2024 kuma aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, UICC. Rajista na gaya mana mutum nawa ne suka kamu. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Sir Yahaya, su ɗauki ɗaki ɗaya, nas ɗaya, shafi ɗaya, su gwada na wata shida, sannan su fito su gaya mana jan da'ira nawa aka zana, da nawa aka yi wa wani abu a kai.