Ɗumi Daga Ƙarƙashin Daɓe

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a Ingila ya san ƙarafunan nan da a ke kafawa jikin bango, ruwan zafi na gudana a cikinsu. In ka matsa kusa su gasa ka, in ka ja da baya sanyi ya kama ƙafafunka. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: iska mai zafi sama ta kan yi, ta taru a rufin ɗaki inda babu mai zama. Saboda haka magina da yawa a ƙasashen sanyi, kamar Jamus, su ka koma ga wata dabara, watau su jera bututai a ƙasa, su zuba siminti bisansu, ruwan ɗumi ya riƙa zagayawa ciki, ɗakin ya ɗumama daga daɓe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Rumawan dā su kan bi da zafin wuta ta ƙarƙashin gidajen wankansu. Mutanen Koriya sun yi ɗaruruwan shekaru su na bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin ɗakin kwana, abin da su ke kira ondol, yanzu kuma galibinsu sun mai da shi na ruwa. Mu ma a nan, wanda ya ga gadon ƙasa na tsofaffi, da a ke hura wuta a cikinsa, ba zai yi mamaki ba.

Masu sayar da kayan su na cewa hanyar nan ta fi tattalin makamashi. Ra'ayinmu shi ne maganarsu gaskiya ce, amma da sharaɗi, su kuwa ba safai su kan faɗi sharaɗin ba.

Ga inda tattalin ya ke. Ƙarfen bango ɗan ƙarami ne, don haka tilas ruwansa ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. Daɓe kuwa faɗin ɗakin duka gare shi, ruwa mai digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi. Ƙa'idar Turai ma ta hana fuskar daɓen ɗakin zama ta wuce 29, don kada tafin ƙafa ya wahala. To, injin nan mai zuƙo ɗumi daga iskar waje ko daga cikin ƙasa, gwargwadon yadda ruwan da a ke nema gare shi bai yi zafi ƙwarai ba, gwargwadon haka ya ke rage cin lantarki. Har wa yau, mutumin da ƙafarsa ta ji ɗumi ba ya damuwa ko iskar ɗakin ta ɗan yi sanyi.

Amma fa kadan ba a shimfiɗa abin tare zafi ƙarƙashin bututan ba, ƙasa mai gida ya ke ɗumamawa da kuɗinsa. Kadan tagogi na shigo da iska, an yi aikin banza. Darduma mai kauri ita ma ta kan danne ɗumin. Sa'an nan siminti ba ya gaggawa: ya kan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗumama, sa'o'i kafin ya huce, don haka bai dace da ɗakin da a kan shiga jifa-jifa ba. Gyara kuma sai an fasa daɓe. Gidajen Levittown na Amurka, da a ka fara ginawa cikin 1947, an binne musu bututan jan ƙarfe, bayan shekaru da yawansu su ka yi yoyo. Shi ya sa yanzu galibi na roba a ke sawa.

Ba mu ce kowa ya haƙa ɗakinsa ba, sanyinmu na 'yan watanni ne. Abin da mu ke roƙon malamai shi ne kada su bar darasin zafi ya tsaya a allo. Ran da hunturu ya busa, a kawo kaskon wuta cikin aji, a bar tagogi buɗe domin iskar gawayi na kisa a rufaffen ɗaki, a ajiye ma'aunin zafi ɗaya a daɓe, a rataye ɗaya kusa da rufi. Bayan rabin sa'a yara su karanta duka biyun, su rubuta da hannunsu.